Darar da Baffa ya haƙa mini gurbi

Ana sallame asuba muka bar Agye, ni da abokin aikina na lakol, makarantar da muke koyarwa, bisa kamiyo, babbar motar kaya mai tari kamar tsoho. Buhun gero ɗaya na ɗauko wa Baffa, ƙanen mahaifina da ke Gidan Sori, don na ji fari ya fi tsanani can.

Tun daga Cadawa raina ya ɓaci. Gonaki fayau, mushen shanu a bakin hanya, mata na jiƙa hanza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, su ci, ga kuma 'yan kasuwa sun rufe rumbuna suna jiran tiya, kwanon awon hatsi, ta ƙara tsada. Direba ma ya ce buhuna fasinja ne, sai na biya masa kujera. Na biya, ina ta tsaki. Daga Tibiri amalanke muka hau, jakin na tafiya yana tunani.

Da la'asar muka isa. Me zan gani? Baffa zaune gindin aduwa da dattawa, har da wani Bafillace da garkensa ya ƙare, sun sunkuya kan dara. Mutane na kwana da yunwa, su suna wasa! Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baffa, dara kuma? Ga hatsi na kawo ma gidanka."

"Zamna, ɗana. Hatsin nan gurbi za shi shiga."

Ashe ba darar da na sani ba ce. Kowane gurbi gida ne, kowane ƙwallon aduwa tiyar hatsi ce da gidan ke da ita. Ba mai cin wani. Kullum la'asar sukan ɗebi ƙwallo daga gurbi mai dama-dama su sa a wanda ya kusa ƙarewa, hatsi kuma ya bi ƙwallon. Gurbin Bafillacen nan wayam yake, iyalinsa kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Na fusata. Na ce jinina na kawo wa, ban sha wahalar nan don a raba wa gari ba. Sai Baffa ya nuna wani gurbi a gefe mai ƙwallo biyu.

"Wanga naka ne. Mun ji ba a biya ku albashi ba, muka haƙa maka. Ɗaya daga cikin ƙwallon Ardo ya sa, tun yana da saura."

Ardo shi ne Bafillacen. Kunya ta rufe ni. Da hannuna na kwance bakin buhun.

Mun dawo Agye washegari, har yanzu ina jin haushin masu rumbuna, amma na fi jin haushin kaina. Na tafi da nufin ciyar da gida ɗaya, na tarar mai kwana da yunwa ya riga ya ware mini tiya. Ƙwallon Ardo na aljihuna.