Gwadabe Maci-Abuja

Duk wanda ya yi zaman kasuwar Abuja bayan yaƙin basasa, tun garin bai koma Suleja ba, ya san Gwadabe mai gyaran keke. Gajere ne kakkaura, hannunsa kullum dumu-dumu da baƙin mai. Gyaran keke dai hanyar tuwo ce, abin da ya shiga ransa dara ce. Da an sallame la'asar zai jingine kekunan mutane, an gama ko ba a gama ba, ya nufi gindin mangwaron bayan rumfarsa. Matarsa Zuwaira takan ce da dara ake zubawa a tukunya, da gidansu ya fi kowane gida ƙoshi.

Da ya rasa mai ja da shi, sai ya ƙirƙiro tasa darar. Ya tashi ne a gaban kakarsa Iya Daso, yana jin labarin yadda mayaƙa suka sha zuwa su koma ba su ci garin ba. Sai ya haƙa gidaje da yawa a ƙasa, ya zana ganuwa, ya dasa wani ƙaton dutse a gefe ya ce Dutsen Zuma ke nan. Tsakuwa su ne mutanen gari, karare su ne mahara. Ya raɗa mata suna darar Gwadabe, ko kunya babu. Abin da yake so bai wuce wannan ba: bayan ransa a riƙa kiran sunansa a gindin bishiya.

Sai dai darar tana da aibi. Dokarsa ita ce ba a cin tsakuwar da ke cikin ganuwa, kuma kullum shi ke ɗaukar tsakuwa.

"Haba Gwadabe," in ji Sabo mahauci, "wace irin dara ce tun ba a zauna ba an san mai ci?"

"Tarihi ne, Sabo. Ba a taɓa cin Abuja da yaƙi ba, ba kuwa a bayan rumfata za a fara ba."

Mutane suka fara zamewa ɗai-ɗai. Wanda bai fasa zuwa kallo ba shi ne Eugene, maƙwabcinsa mai sayar da kayan keke, wanda kowa ke kira Yujin. Bayan yaƙi ya dawo daga gabas, ba shi da yawan magana.

Wata rana Gwadabe ya tafi Bida ta'aziyya. Da ya dawo sai ya tarar da gindin mangwaro maƙil, har da masu leƙe ta kafaɗar wasu. Ashe Eugene ya haƙa wasu gidaje a wajen ganuwa ya ce gonaki ne. In karare suka mamaye su, duk motsin da mai riƙe da gari ya yi sai ya cire tsakuwa ɗaya.

"Mene ne wannan?" in ji Gwadabe.

"Yunwa ne, Oga Gwadabe," in ji Eugene. "Katanga ba ya hana shi shiga. Ni na gani."

Nan take wani ya ce, "Matsa mana, Gwadabe, ka tare mana darar Yujin."

Darar Yujin! Kishi ya turnuƙe Gwadabe har ya kasa cin tuwon Zuwaira. Shi ya yi ganuwa, shi ya ɗauko dutsen nan da ya kusa karya masa baya, wani ya tona ramuka 'yan kaɗan ya tafi da suna. Ya daina sayen kaya a wurin Eugene. Ya riƙa gaya wa masu keke cewa tayoyinsa ba su da ƙarko, alhali su ya yi shekaru yana sa musu. Abin da ya fi cin ransa shi ne, duk ta inda ya juya dokar yunwar nan, ya rasa inda zai kushe ta.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya ƙalubalanci Eugene a gaban kowa. Eugene ya tura masa tsakuwa cikin ladabi.

"Oga, ɗauki garinka."

Gwadabe ya ture su. So yake a ga cewa ko ta wane gefe ya zauna, Yujin ba sa'ansa ba ne. Ya kwashi karare.

Wallahi ranar ya yi wasa. Ya yi kamar zai faɗa ta ƙofa, ya zagaya ta bayan Zuma, ya bi gonakin nan yana tsinkewa har ya gama da su. Eugene ya shiga cire tsakuwarsa ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a hankali. Da gari ya zama kango, Gwadabe ya soka karansa a tsakiya, ya miƙe yana karkaɗe riga, yana jiran kirari.

Can sai Sabo ya riƙe baki.

"La'ilaha illallahu! Jikan Iya Daso ya ci Abuja!"

Aka fashe da dariya. Wani dattijo kuwa ya zura takalmansa ya tafi yana girgiza kai. Sai a lokacin Gwadabe ya dubi hannunsa ya ga abin da ya aikata. Abin da ya rantse ba za a fara a bayan rumfarsa ba, shi ya fara, da dokar Yujin kuma. Da bakin wa zai ce dokar ba ta yi ba?

Sunan ya samu, amma ba wanda ya nema ba. Kafin magariba yaran kasuwa na kiransa Maci-Abuja. Da aka ɗauke sunan garin a 1979 aka ba sabon babban birni, har rumfa abokai suka riƙa binsa suna cewa, "To, Maci-Abuja, ka ga abin da ka jawo mana." Bai taɓa yin dariyar ba.

Har ya tsufa bai sake taɓa kara ba. Tsakuwa yake ɗauka, ya zauna yana gadin gonakin Yujin kamar na gadonsa. In baƙo ya tsaya ya tambayi sunan darar, sai Gwadabe ya tashi ya ce akwai keken da ya bari ba iska.