Hannun Inna da Kwalbar Auta

Duk ƙauyenmu, can kudu da Agiye, ba wanda bai san furar Inna ba. Kakanninmu kiwo suka yi, mu muka tashi a gona, amma damun fura bai bar gidanmu ba. Ranar kasuwa direbobi har tsayawa suke yi a bakin hanya don ita.

Ciwon ya fara mata ne a gwiwar hannu. Fata ta yi ja, ta yi kauri, sannan ta riƙa zubar da wani farin ɓawo. Daga nan ya sauko har bayan hannu da gindin farce. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, mun shafa man shanu har gidan ya ɗauki ƙarni. Likita a Maraɗi ya duba ya ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Ya ba da man shafawa. Ciwon ya lafa, da man ya ƙare ya dawo da ƙarfinsa.

To, je ka faɗa wa mai sayen fura ba a ɗauka. Ba wanda ya ce mata uffan, mutanenmu ai akwai kara. Sai a gaishe ta da kyau, a tambayi jiki, a wuce wurin wata. Ƙwaryarta ta riƙa dawowa gida a cike. Abin da ya fi ƙona mini rai, jikokinta ma iyayensu mata suka riƙa janye su in ta miƙa ludayi.

Ina cikin wannan baƙin ciki Autanmu ya kira ni. Shi ne ya yi lakol, karatun boko mai zurfi, har ya samu aiki a wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Cikin hira ya ce irin ciwon Inna suke nazari, har akwai wani ruwa a 'yar kwalba da suke ajiyewa cikin sanyin firigo, wanda ke kama abin da ke tayar da ciwon. Ban bari ya kai aya ba. Kafin la'asar na shaida wa Inna, na shaida wa maƙwabta, cewa Auta zai zo da magani da sallah. Inna ta sa aka wanke mata ƙwarya aka kife, tana jiran ranar komawa kasuwa.

Ya zo. Na bar shi ya sha ruwa, na ja shi bayan rumbu.

"Ina kwalbar?"

"Wace kwalba, Yaya?"

Ya yi mini bayani a hankali, ni kuwa ji nake kamar in shaƙe shi. Wai a jiki akwai wani ɗan aike da ke zuwa ya ce wa fata ga abokin gaba nan, alhali ba kowa, sai fatar ta hau faɗa da kanta. Ruwan kwalbar, daga jinin zomo ake samunsa, aikinsa kawai ya liƙe wa ɗan aiken ya yi masa alama, don su gan shi a 'yar fatar da suka yanka suka sa a madubin da ke ƙara girman abu.

"Zomo," na ce. "Duk karatun nan naka a zomo ya ƙare? To ka kawo a shafa mata, ko a yi mata allura. Mi za ta rasa?"

"Ba magani ba ne, Yaya. In na sa mata zai iya cutar da ita. Akwai allurai na gaske da aka samo daga irin aikin nan, amma ko ni ban isa in saye su ba."

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da nonon da ya sha. Na ce ya sato, zunubin a kaina. Kuka nake yi sosai, ban san Inna tana tsaye bayan dangar kara ba.

Ta zagayo, ta janye mayafi, ta miƙa masa hannu.

"Auta, in hwata kuke so ku duba, ga tawa. Yanki inda ka ga dama. Ko ni ban samu ba, wata ta samu."

Ya riƙe hannun, ya kasa ɗaga kai. Ya ce ko wannan ba shi da ikon yi, ba a ɗaukar fatar mutum haka a jaka. Sai ya ce yana jin yunwa, ta dama masa fura. Ta dama, ya shanye tas, tana tsaye tana kallon maƙogwaronsa.

Na ɗauka hakan zai sanyaya mata rai. Amma da ya tafi, ta ce mini ɗa ai dole ya sha, shan ɗa ba shaida ba ne.

Har yau ina kiransa in tambaye shi ko zomon ya ce wani abu. Yakan ce ana nan ana aiki. Ƙwaryar kuwa, wadda Inna ta gada daga uwarta, washegarin tafiyarsa da safe na same ta a tsakar gida, ta zuba wa kaji dusa a ciki.