Shawar Ɗakin Manya

Har gobe ba zan manta da ranar da aka kawo surukina asibitinmu ba. Ƙarshen shekarun 1980 ne, muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni kuma ina babban nas mai kula da ɗakin maza a wani asibiti a yankin Gwandu.

Muna da ɗaki guda da ake kira ɗakin manya. Shi kaɗai ke da shawa, ruwanta na saukowa daga wani tanki da ke wuni yana shan rana a kan rufi. Sauran majinyata kuwa sai bokiti da ruwan rijiya. To, babban mutum zai zo da hawan jini, ya kwana biyu a ɗakin nan, sai ga zazzaɓi da tari mai kama ƙirji. Ɗaya ma bai tashi ba.

Likitanmu ya tara mu ya ce yana zargin wata ƙwayar cuta, Lijiyonela, wadda ke hayayyafa a ruwan ɗumi da ya daɗe a tsaye, ta bi feshin shawa ta shiga huhu. Ba mu da kayan gwaji, don haka ya nemi a rufe shawar, a wanke cikin tankin da magani. Sakataren asibiti, wanda duk wani kashe kuɗi sai da izininsa, ya kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya sha lemo, ya yanke shawarar a yi wa tankin fenti. Aka shafe bayansa kore shar, murfin ko taɓa shi ba a yi ba.

Ana cikin haka aka kawo mahaifin matata daga ƙauyen Malisa, wani bijimin sa ya taka masa ƙafa. Sakatare ya ɗaga murya a gaban 'yan rakiya: "Malam Umaru, surukinka ai namu na. A buɗe mashi ɗakin manya!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin maza ya fi iska."

Tsoho bai dube ni ba, saboda kunyar surukuta. Sai ya juya wajen ƙanensa ya ce, "Ka ji mijin ɗiyata. Anka ba mu girma, shi ya hana."

Ni na riƙa kai masa bokiti da hannuna har ya warke ya koma gida. Ya yi shekaru a duniya bayan haka, kuma a duk taron biki labarin rowata yake bayarwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na gode Allah da ya samu bakin bayarwa.

Da damina ta faɗi, zazzaɓin sauro ya kayar da Sakatare, aka kwantar da shi a ɗakin manya. Ya sa aka kira ni, ya ce in tura ƙofa.

"Malam Umaru," ya ce a hankali, "a samo min bokiti. Ruwan rijiya. Kada kowa shi gani."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in an ce muku an gyara ruwa, ku hau ku leƙa cikin tanki. In tsani ya gagare ku, ku duba da me Sakatare yake wanka.