Layin Sama Gajere Ne

Shekarar da na dawo daga Kano da digirina na biyu, aka ba ni aikin koya wa ma'aikatan wani ofishi a unguwar Jiddari Polo manhajar R, wadda ake lissafin ƙididdiga da ita. Kwana uku ne kacal. Ina jin kaina sosai a lokacin.

A rana ta biyu muka zo kan wani irin jadawalin lambobi, biyar kwance biyar tsaye. Lambobi na zama ne a layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, sai layi ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa. Sauran gurabe duk sifili. Na haska allon kwamfutata a bango, na zuba lambobi biyar a layin tsakiya, na jera wasu biyar don layin sama.

Wata dattijuwa da ke gaba ta ɗaga hannu. Ita ke shigar da bayanai a ofishin, kuma ta kusa haifata. Babarbariya ce, Hausarta irin ta garin nan.

"Malam," ta ce, "layin sama gajere ne ita. Huɗu za ta ɗauka."

Da na tsaya na ƙirga, da shi ke nan. Amma sai na karkatar da kai na maimaita maganarta da muryarta, har da jan harshen. Aka yi dariya. Na ƙara da cewa, "Hajiya, a bar wa kwamfuta ƙirgar." Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai kan littafinta.

Na danna maɓallin. Jan rubutu ya fito a bango, cewa lambobin ba su yi daidai da gurabe ba. Na sake dannawa, ya sake fitowa. Sai na ƙirga a zuciyata: huɗu ne. Na goge lamba ɗaya, jadawalin ya fito tsaf, na ce, "Kuskuren bugawa ne," na wuce gaba. Ban dubi wajenta ba.

Washegari ta koma kujerar baya. Har aka tashi ba ta ɗaga hannu ba, ko da na yi tambayar da na san ta san amsarta.

Bayan la'asar na iske ta a bakin titi tana jiran keken haya. Na gaishe ta, na tsaya ina kame-kame. Daga ƙarshe na ce, "Hajiya, jiya ke ce da gaskiya. Kuma abin da na yi bai kyautu ba."

Ta dube ni. "Ba komai, Malam. Jikokina ma suna gyara mini Hausa." Ta gyara jakarta. "Amma su a gida suke yi."

Keke ya tsaya, ta ce ya kai ta unguwar Bulumkutu, ta shiga.

Na so in koma in faɗa a gaban waɗanda suka yi dariyar, amma kwas ya riga ya ƙare, kowa ya watse. Bayan wata biyu ofishin suka sake gayyatata. Na ce ina da uzuri, na tura wani abokin aikina.