Tayin Ƙarya a Tabarmar Likita

Ni na jawo wa kaina, da bakina.

Wani tsohon likitan dabbobi da ya yi ritaya ya dawo gida Gumel, shi ya zo mana da wata karta wai ita birij, wadda ya koyo a wajen karatu. Ba caca ba ce, ko sisi ba a ajiyewa. Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa. Kafin a jefa kati ko ɗaya, sai an zagaya kowa ya faɗi yawan cin da yake ganin shi da abokinsa za su yi, ko ya ce ya wuce. Da wannan faɗin ne kake sanar da abokinka abin da ke hannunka, don haka dole ka faɗi gaskiya.

Mu uku ne: Likita, da wani tsohon malamin gona ɗan Sule Tankarkar, da ni. Likita ya ce mu nemo na huɗu, kuma bayan damina wanda ya fi iya faɗi shi zai zama abokinsa na dindindin. Wannan matsayi nake so, ba zan ɓoye ba. Lissafi nake koyarwa, wa zai fi ni? Kullum bayan la'asar sai in raba kati gida huɗu a kan tabarma, ni kaɗai, ina rarrafawa daga wannan gefe zuwa wancan, ina faɗi ina amsa wa kaina. Maiɗakina har ta tambaya ko a nemo mini rubutu.

Na huɗun da na kawo taubashina ne, dillalin shanu a Maigatari. Na yi masa bayani sau uku bai gane ba, sai na gaji na ce, "Kamar tayi ne a kara." Idonsa ya yi haske. Ya ce, "Ashe sana'ata ce."

Ranar farko ni ne abokinsa. Ya duba katinsa, ya yatsine fuska, ya ja tsaki, ya ce ya wuce. Na yarda da shi, ni ma na wuce. Da aka buɗe, ashe manyan katin nan duk suna hannunsa.

Na ce, "Alhaji, mene ne haka?"

Ya ce, "Haba Malam, ka taɓa ganin mai saye yana yabon saniya?"

In kuwa tarkace ne a hannunsa, sai ya gyara hula ya faɗi babban ci, don kawai ya tura abokan hamayya su hau inda za su faɗo. Ni da ke gabansa nake fara faɗowa. Na zaunar da shi na ce da ni yake magana, ba da su ba. Ya ce a kara ko ɗan'uwanka ba ka nuna masa cikinka. Wallahi ƙyamar abin nake ji. Wasa mai tsabta, mai ƙa'ida, ya mayar da shi cinikin ramammen bijimi, yana yi yana tofar da tuƙar goro a gefen tabarma.

Ranar da za a yanke magana, ya yi wannan ƙaryar tasa, Likita da kansa ya hau, ya faɗo warwas. Na gyara zama ina jiran faɗa. Sai Likita ya tuntsire da dariya har da hawaye.

Ya ce, "Alhaji, shekara da shekaru ba wanda ya yi mini haka. Dawo nan gabana."

Na ja jiki na koma gaban malamin gona, kunnuwana suna zafi.

Aka sake rabawa. Na ɗaga katina, ban taɓa riƙe mai kyansa ba, kuma na san daidai abin da ya kamata in faɗa, na sha gwada irinsa ni kaɗai. Amma sai na ji fuskata ta yatsine, bakina ya ja tsaki, na ce na wuce.

Taubashina ko kallona bai yi sosai ba. Ya ce, "Likita, kada ka hau, hannunsa cike yake. Malam, ƙaryar ma ba ka iya ba."