Husna ba ta barci sai an ƙirga ashirin

Ina cikin dama kunun yara da safen nan wayata ta yi ƙara. Ƙanwar mijin ƙawata ce. Ta ce Maman Ikram ta rasu.

Na ce wace Maman Ikram? Kamar ina da wata.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya da yamma motar da take ciki ta yi haɗari a hanyar dawowa daga Kuru, ta je duba mahaifiyarta ne. An kai su asibiti, bayan asuba Allah ya karɓi abinsa. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Yanzu na dawo daga gidan, na kasa cin abinci, na kasa zama, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ta bar yara uku. Ƙaramarsu Husna, shekara ɗaya da wata bakwai, sa'ar autata ce.

A layin rigakafi muka haɗu, lokacin yaran suna jarirai. Nas ta auna ni, ta ce jinina ya hau sosai, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Ni kuwa kun san bakina. Na dawo benci ina mita, na ce yara biyu, ɗaki da falo, oga ya fita da keke tun duku-duku, a ina zan motsa jikin, a saman kwano? Matar da ke kusa da ni ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe gida uku ne tsakaninmu a Anguwan Rogo, ban taɓa lura da ita ba.

Washegari ƙarfe takwas sai ga ta da sallama, Husna a baya, galan biyu na ruwa a hannu.

Na ɗauka ruwa ta kawo mini. Har na fara godiya.

Ta ce in goya autata, in ɗaure zani sosai, in ƙara majanyi. Ta sa na kama ƙarfen taga, na tsuguna, na tashi. Sau ashirin. Daga nan mu ɗauki galan mu yi ta kai da komo daga ƙofar gida zuwa kicin, tunda dama ruwan sai an kai shi kicin ɗin. Manyan yaran kuwa, in ba makaranta, su ne masu ƙirga. Duk wanda ya tsallake lamba ta sa shi ya dawo farko, mu kuma gwiwoyinmu su biya.

Da na ce yara ne ke hana ni, sai ta ce, "Su ne kayan aikin, Maman Haidar. Kuma nauyinsu ƙaruwa yake yi da kansa, ba sai kin sayi sabo ba."

Haka muka yi ta yi sama da shekara. Sanyin Jos na safe, ana ruwa ko ba a yi, wani lokaci a gidana, wani lokaci a nata kafin ta hau keken ɗinki. Husna ta saba har ta kai ba ta barcin hantsi sai uwar ta goya ta ta yi mata ashirin ɗin nan tana ƙirgawa a fili. Muna yi mata tsiya cewa ta ɓata yarinya.

Ita ta ɗinka mini wando mai faɗi na sawa a ƙarƙashin zani, ba ta bari na yi maganar kuɗi ba.

Ita ta ɗauke gwangwanin gishirina ta tafi da shi gidanta, take aiko mini da kaɗan-kaɗan a takarda kamar magani. Na yi fushi kwana biyu.

Da autata ta yi ƙyanda, ta zo ta tafi da Haidar ta riƙe shi kwana huɗu. Ya dawo yana ce mini tuwonta ya fi nawa.

Jinina ya sauka. Nas ɗin da kanta ta tambaye ni me nake yi.

Sai ni na lalata abin da hannuna.

Wata guda da ya wuce aka yi suna a layinmu. Wata mata da ke hango mu ta saman katanga ta tashi a tsakiyar taro tana kwaikwayonmu, tana tsugunawa tana nishi, wai ga 'yan tsallen kwaɗo sun iso. Mata suka yi ta shewa. Maman Ikram ta fi kowa dariya, har ta gyara wa matar tsayuwa, ta ce bayanki ya lanƙwashe. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige. Daga ranar ban sake yi ba.

Yau mura, gobe baƙi, jibi sanyi ya yi yawa. Ta gane ƙarya nake yi. Sai ta koma turo mini saƙon murya kullum da safe, tana ƙirga nata ashirin ɗin don in bi. Na saurari biyu na farko. Sauran ban buɗe ba.

Ranar Talata ta zo da kanta, ashe ganinmu na ƙarshe ke nan. Ta tsaya a bakin ƙofa da Husna a baya ta ce in tashi. Na ce mata ta ƙyale ni, ni ba zan zama abin dariyar unguwa ba, in ita ba ta jin kunya ni ina ji. Wallahi haka na faɗa.

Ba ta yi fushi ba. Ta gyara goyonta ta ce, "Ni ba kyau nake nema miki ba. So nake ki daɗe, ki ɗauki yaran nan har su daina buƙatar ɗauka."

Ko rakiya ban yi mata ba.

Da na isa gidan rasuwar ɗazu, tun daga zaure nake jin kukan Husna. A wajen Hajiya, mahaifiyar mijin, uwar ta bar ta jiya. Tun lokacin take kuka, muryarta ta dishe. An ba ta shayi ta ture, an ba ta biskit ta jefar, an yi mata addu'a an tofa, an goya ta an zaga tsakar gida da ita. Hajiya ta gaji, idonta ya kumbura, tana ta cewa me yarinyar nan take so.

Ni na san abin da take so.

Amma falon cike yake da mata, kowa da carbi, kuma matar nan ta ranar suna tana zaune daf da taga. Na zauna ina jin kukan, ina ce wa kaina gidan makoki ne, ba wajen wannan ba ne. Allah ya yafe mini, na daɗe a haka.

Sai Husna ta juyo ta gan ni, ta miƙo hannu.

Na ce a ba ni zani da majanyi. Na goya ta, na kama ƙarfen taga, na tsuguna, na tashi, na ce ɗaya. Na ji wata a bayana tana raɗa ko na zautu ne. Hajiya ta ce, "Ku ƙyale ta." Gwiwoyina suna ƙara, wata guda ban yi ba, yarinyar kuma ta ƙara nauyi kamar yadda uwarta ta faɗa. A kan biyar na kasa ci gaba da ƙirgawa.

Sai Ikram, 'yar shekara shida, ta taso daga gefen kakarta ta tsaya kusa da ni inda ta saba tsayawa, ta ce shida.

Ita ta kai mu ashirin. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Husna ba ta yi shiru ba sai da muka sake wani zagayen, sannan na ji kanta ya kwanta a bayana. Babu wanda ya yi dariya. Matar nan ta ranar suna ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Da na dawo gida na buɗe saƙonta na jiya da safe. Tana ƙirgawa tana haki, Husna na ƙyalƙyala dariya a bayanta. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Na yi nawa. Saura naki."

Na ce wa Hajiya gobe ƙarfe takwas ina nan zuwa, da jibi, har ranar da Husna za ta daina nema.

Ya Allah ka gafarta wa baiwarka Maman Ikram, ka yalwata kabarinta, ka sa duk nauyin da ta ɗauka saboda 'ya'yanta da saboda ni ya zama nauyi a mizaninta. Ka raya abin da ta bari, ka ba mijinta da iyayenta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ku roƙa mini ni ma, ban samu na ce mata ta yafe mini ba.