Bebiyar Kwamfutar da Na Haɗa

Ni ban yi karatun kwamfuta ba. Da dakon kwalayen banda na fara a Kasuwar Kifi ta Baga Road, daga nan na koma sayar da caja da batirin waya a kan tebur, har Allah ya ba ni shago a Bulumkutu inda nake sayar da kayan kwamfuta na hannu. Abin da na iya, a jikin matattun kwamfutocin mutane na koye shi. Na kwance, na ɗaura, na ƙona wasu. In ka ce in haɗa maka, zan ɗauko bod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, daga nan, ram na riƙe aiki daga can, in zuba su a akwatin da ya samu, kuma in faɗa maka gaskiyar iya shekarun da za ta yi.

Maigidana na kasuwar kifi wani dattijo ne Babarbare, mutumin Old Maiduguri. Bai taɓa kiran sunana ba sai Afuno, wato Bahaushe da yarensu. Shi ya koya mini jera kaya: manya a sama inda ido ke fara sauka, matsakaita a tsakiya, gutsattsari a ƙasa don gyara. Babban ɗansa sa'ana ne, amma shi ya ƙi kifi, ya kama ɗaukar bidiyon biki. A shekarun tashin hankali, yana dawowa daga wani ɗaurin aure a ƙauye, 'yan bindiga suka tare motarsu. Ba a ga kyamararsa ba, ba a ga kwamfutarsa ba. Gawarsa kaɗai aka kawo.

Bayan wata biyu ko uku, ina zaune da hantsi, sai ga keke napep ta tsaya a bakin shagona. 'Yar dattijon ce ta fara fitowa, ƙanwar marigayin, wadda ta riga ta yi aure, sannan ta kamo hannun mahaifinta. Na san yana ta taɓa masa ido, ban san ta kai haka ba. Da ƙafa yake laluben dandamali.

"Wushe, Afuno," ya ce. "Har yanzu kana cutar bayin Allah da tsofaffin ƙarafa?"

"A wajenka na koya, Baba. Wa ke ɗora manyan tarwaɗa a saman kwali?"

"Ni kayana ana ci. Naka fa?"

Ya zauna a bencina, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wani abu a naɗe cikin tsohuwar hula. Rumbun ajiya ne na waje, irin wanda ake jona wa kwamfuta da waya. Warin banda ya kama shi kamar yadda ya kama duk abin da dattijon ya taɓa.

'Yar ce ta yi bayani. A ƙarƙashin katifar yayanta ta same shi. Ta ce bara ya bi mahaifinsu kasuwa ya wuni yana ɗaukarsa a bidiyo, yana tsokanarsa, kuma ta san a nan ya ajiye.

"Ba ganinsa nake nema ba," in ji dattijon. "Mai ɗauka ai ba ya fitowa, kullum yana bayan abin. Idon ma ina yake? Maganarsa nake so in ji. Na fara manta yadda yake kirana."

Na ce ya ba ni minti biyar. Na jona rumbun a kwamfutar shago, sai ta ce ba ta san shi ba, ko in wanke shi? A sana'armu duk rumbun da ya yi gardama wankewa ake yi, wato a goge duk abin da ke cikinsa, kuma yatsana ya saba har ya nufi wajen. Allah ya sa na tuna irin kwamfutar da marigayin yake riƙewa. Ta wani kamfanin waje ce mai tsada, wanda ke ƙera na'urarsa ya kuma rubuta mata manhajarta, kuma manhajar ba ta yarda ta hau kan kowace na'ura sai tasu. A lokacin ban san mai irinta ko ɗaya da ya rage a garin ba. Masu ita sun kwashe iyalansu sun tafi.

Amma akwai wani filash a durowata da wani abokin sana'ata na Kano ya taɓa ba ni. A ciki akwai manhajar, da ta gyaran bidiyo, da wata dabara da ake yaudararta da ita ta ɗauka a gidansu take. Ban taɓa gwadawa ba, don ba mai nema.

"Baba, ba minti biyar ba ne. Sai na haɗa mata jiki."

"Kwana nawa?"

"Ban sani ba."

"To, wannan ce gaskiyar farko da na ji daga bakinka."

Na zaɓo bod mafi kyau a shagon, na cire ram daga wata da na riga na haɗa don sayarwa, na samo akwati mai lotsattsen gefe. Wutar lantarki ba a maganarta, sai janareta. Ga dokar hana fita, kafin la'asar ta yi sanyi kowa ya ja ƙofa. Haka na riƙa yi kullum tsakanin ciniki da ciniki. In kunna, farin rubutu ya yi ta gudu a baƙin sikirin, ya tsaya cak a wani layi. In kwafe layin a bayan kwali, in canza abu ɗaya tak, in sake. Wata rana katin hoto ne ba ta so. Wata rana sai na shiga saitin bod na kashe wani abu da ban san amfaninsa ba. Sau biyu tana kaiwa rabi janareta ya shaƙe. Akwai ranar da ƙarar bam ta tashi ta wajen kasuwa, muka kwanta a ƙasa ni da mai shagon kusa, da na ɗago na tarar ta daskare a inda na bar ta.

A rana ta tara ta buɗe. Na jona rumbun, ya fito. Na nemo ɗaukar kasuwa, ga dattijon a kan tabarmarsa tsakanin kwalaye, bakinsa na motsi, yana kaɗa hannu yana korar mai ɗauka. Na murɗa sifika har ƙarshe. Shiru. Na canza sifika, na canza rami, na sa abin kunne. Shiru. Manhajar ta karɓi komai na jikin da na haɗa mata, ban da ɓangaren sauti na bod ɗin. A wajenta babu shi.

Na yi abin da kowa zai yi tunani. Na kwafe bidiyon na kai wata kwamfutar, ta ƙi buɗe shi, don a ƙulle yake cikin manhajar gyaran. Na ce wa manhajar ta fitar mini da shi a sigar da kowa ke karantawa, duk sanda ta fara sai ta sandare.

Duk da haka na aika aka kawo shi. Ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Wane ne wannan baƙin abin?"

"Kai ne, Aba," in ji 'yarsa. "Ga ka nan kana faɗa."

"Shi fa?"

"Ga inuwarsa a kan kwali."

Ya koma ya jingina. "Afuno, ka iya haɗa aure. Ni makaho, ita bebiya."

Muka yi dariya mu uku, 'yar tana share ido da gefen mayafi.

Na san maganin, ko in ce na ɗauka na sani. Akwai wani ɗan fayil da ake saukewa daga intanet, wanda ke gabatar da sautin bod ga manhajar. Sai dai a watannin nan an katse layukan waya a jihar gaba ɗaya. Ba kira, ba saƙo, balle intanet. Na zauna na rubuta wasiƙa da biro kamar zamanin iyayenmu, na kwafe lambar bod ɗin harafi bayan harafi, na naɗe da filash na ba wani direba mai zuwa Kano. Kwana goma sha ɗaya kafin ya dawo, saboda shingaye da ranakun da ake rufe hanya. Abokina ya turo fayil, amma na ƙanin bod ɗin ne, harafi ɗaya ya raba su. Da na sa shi, kwamfutar ta ƙi tashi sam, sai da na sake komai daga farko. Na gwada wasu bod biyu. Ɗaya ba hoto, ɗaya ko kunnuwa bai kai ba. Na sake rubuta wasiƙa.

Duk Litinin da Alhamis dattijon yana zuwa. Ba ya zama sosai. Daga cikin keken yake ɗaga murya.

"Amaryar tawa ta yi magana?"

"Tana jin kunya tukuna, Baba."

"Ka gaya mata ango ya tsufa."

Sai wata Litinin bai zo ba, Alhamis ma haka. Ranar Juma'a bayan masallaci na tafi Old Maiduguri. Na same shi kwance a ɗakinsa, ƙafafunsa sun kumbura. Ya gane ni da sallamata, ya kama hannuna.

"Afuno, za ta yi?"

"Za ta yi, Baba. Ranar ce ban sani ba."

"Jiya na yi ta ƙoƙarin tuno muryar. Sai ta ƙaninsa ke zuwa mini." Ya saki hannun. "Je ka, kar doka ta kama ka a hanya."

Ranar Talata ya rasu. Muka kai shi, na yi kwana uku ina zaman makoki, na dawo na buɗe shago. Amsar wasiƙata ta biyu ba ta zo ba tukuna. Ban san dalili ba, amma na ci gaba da kunna kwamfutar kullum da safe, in bar bidiyon yana tafiya shi kaɗai.

Mako bai cika ba wani malamin makaranta ya shigo, ramin abin kunne na kwamfutarsa ta hannu ya karye. Na tuna wani kwali a ƙarƙashin teburina. Duk sanda na sari kaya daga kudu, dillalin yakan watso mini wasu 'yan ƙananan abubuwa gyara, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Ana soka su a ramin filash, a jona sifika a bayansu. Roba ce mara nauyi, rabinsu ba sa shekara. Ban taɓa lissafa su cikin kaya ba. Na laluba na zaro ɗaya, na hure ƙura na miƙa masa.

"Gwada mini," ya ce. "Ba na cinikin biri a sama."

Bai zo da tasa ba, kuma bebiyar kaɗai ce a kunne. Na ce masa wannan ba ta magana, ya ce shi dai in soka ya ga ko fitilar abin za ta kama. Na soka, na mayar da wayar sifika. Sifikar tana nan a ƙarshe inda na bar ta.

Hayaniyar kasuwar kifi ta cika shagon. Sannan wata murya, kusa-kusa, tana dariya: "Aba, ɗago kai mana. Kifin nan ya mutu tun a Baga, ba inda za shi."

Malamin ya ce, "Ai kuwa yana yi," ya ajiye kuɗinsa yana jira in cire masa. Na ba shi wani daga kwalin, ya tafi. Ni kuwa na zauna a bencin da dattijon ke zama.

Daga baya abokina na Kano ya ce mini irin waɗannan ba sa buƙatar fayil, kowace manhaja ta san su. Kwalin yana gefen ƙafata tun ranar farko. Na sha buga shi da takalmi ina neman wurin miƙe ƙafa. Na juya duk abin da ke saman kantar shagon, na aika wasiƙa har Kano ta hanyar da mutane ke mutuwa, amma ban taɓa sunkuyawa ba, don a kaina manhaja mai tsada ba za ta kula kayan gyara ba. Ba wanda ya ce laifina ne. Ni ma ba na cewa na kashe kowa. Abin da na sani shi ne kwana arba'in da wani abu mutumin nan ya yi yana tambaya, amsar tana ƙarƙashin teburin da yake dafawa.

Washegari na ɗora kwamfutar da ƙaramin janareta a keke na kai gidan. A shingen bincike sai da na kwance akwatin suka leƙa cikinsa. 'Yar ta buɗe mini ɗakin mahaifinta, tabarmarsa tana nan ba a naɗe ba. Na haɗa komai a ƙasa. Ban ɓoye mata yadda aka yi ba, na nuna mata ɗan robar a tafin hannuna, na faɗa mata inda yake tun farko. Ta dube shi, ta dube ni.

"Kunna, yaya," kawai ta ce.

Na kunna. Yayanta ya yi maganar kifin, ta rufe baki da hannu. Ni ban taɓa barin bidiyon ya wuce nan da sauti ba. Sai ga dattijon ya ɗago kai, yana kaɗa hannun nan da na yi makonni ina kallo ban san me yake cewa ba.

"Kashe abin nan ka zo ka taya ni ɗaure kaya," ya ce. "Wa zai zauna yana sauraron surutunka?"

Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta sake cewa in mayar. Na nuna mata inda ake dannawa, na fita waje na tsaya wajen janareta, don kar ya shaƙe.